Kundin aikin gyaran agogo a manhajar sarrafa gida, Disamba 2025 zuwa Maris 2026

Litinin, 1 Disamba 2025

Tsarin da ake aiki a kansa kashi biyu ne. Akwai ƙananan allunan ESP32 da ake kafawa a bango, kowanne riƙe da rile (makunnin da allon ke ja da kansa) ɗaya ko biyu, su ne ke kunna fitilun tsaro, da hitar banɗaki, da injin da ke tura ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Akwai kuma ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4 da ke zaune kusa da rauta, na'urar da ke raba intanet a gida. A kanta jadawali yake, an rubuta shi da Node.js, tana aika wa allunan jadawalin da umarni ta MQTT, hanyar musayar gajerun saƙonni tsakanin na'urori.

Koke-koken da suka taru ba su yi kama da juna ba. Injin ruwa ya mutu da zarar an kunna shi. Fitilun tsaro sun kama da tsakar rana bayan an dawo da wuta. Tunatarwar wanke tanki da aka sa ta zo bayan wata guda ta zo nan take. Da aka bi kowanne zuwa tushensa sai aka iske wuri ɗaya suke komawa: manhajar tana cakuɗa agogo iri biyu. Na farko shi ne mai ƙirga tsawon lokaci tun da na'ura ta tashi, ba ruwansa da kwanan wata, ba ya ja da baya. Na biyu shi ne agogon bango, mai faɗin rana da awa, wanda ake iya turawa gaba ko baya, kuma yana iya zama ƙarya gaba ɗaya. Ƙa'idar aikin nan daga yau ita ce, duk abin da ya shafi "na minti nawa" ya koma kan agogo na farko, duk abin da ya shafi "ƙarfe nawa" ya koma kan na biyu, kuma ba za a taɓa rile bisa agogo na biyu ba sai an tabbatar da ingancinsa.

Alhamis, 4 Disamba 2025

An fara da injin ruwa domin shi ne mai iya jawo asara.

`millis()`, mai ƙirga lokaci tun da allo ya tashi, a ESP32 lamba ce mai bit 32 marar alamar ragi. Tana ƙirga milisakan har 4,294,967,295, daga nan ta koma sifili, kamar awon kilomita na tsohuwar mota idan tara ta cika duk gurabensa. Wannan na faruwa bayan kwana 49 da awa 17 da minti 2 da sakan 47. Tsohon salon da ke cikin manhajar shi ne:

```
kashewa = millis() + tsawo;
if (millis() >= kashewa) kasheInji();
```

Ɓarnarsa ta fuska biyu ce. Idan an kunna injin na minti 20 alhali saura ƙasa da minti 20 lambar ta cika, jimillar za ta zagayo ta zama ƙarama, sai sharaɗin ya cika a take, injin ya mutu kafin ruwa ya hau bututu. Wannan da sauƙi. Fuska ta biyu ta fi muni. A ce lokacin kashewa ya faɗo 'yan sakanni kafin cikar lambar, sai kuma allon ya maƙale yana neman Wi-Fi na sakan goma. Kafin ya dawo ya duba, `millis()` ta riga ta koma kusa da sifili, sharaɗin ba zai sake cika ba sai bayan wasu kwana 49. Injin zai ta aiki, tanki ya yi ta ambaliya, idan kuma rijiyar ta janye injin ya ƙone.

Gyaran shi ne a daina kwatanta lokaci da lokaci, a riƙa auna tazara:

```
if ((uint32_t)(millis() - farko) >= tsawo) kasheInji();
```

Ragi tsakanin lambobi marasa alama yana ba da amsa daidai ko da an tsallake sifili. Idan `farko` ta kasance 4,294,967,000 kuma yanzu 704, amsar 1,000 ce, wato sakan ɗaya cif. Sharaɗinsa kawai shi ne duka biyun su zama `uint32_t`, kuma tsawon da ake jira kada ya kai kwana 49.

Abin lura a nan shi ne gidajen da matsalar ta bayyana. Inda ake yawan ɗauke wuta allon yana sake tashi kusan kullum, ƙirgen ba ya taɓa kai ko mako guda. Gidajen da ke da sola da inbata ne allon ke yin wata biyu bai mutu ba, su ne suka ci karo da ita. Don haka shirun da aka ji daga sauran gidajen ba shaidar lafiya ba ce.

An ɗauko dabarar da masu Linux suka daɗe suna yi: suna fara ƙirgensu saura minti biyar ya cika, domin duk wani kuskure irin wannan ya fito jim kaɗan bayan kunna na'ura. An yi aiki mai suna `yanzuMs()` da ke ƙara wa `millis()` wata lamba ta yadda za ta zagayo bayan minti biyar, kuma an hana kiran `millis()` kai tsaye a ko'ina.

Manhaja kaɗai ba ta isa ta tsare inji ba. A zanen wayoyi an sa rile ya riƙa jan kontakta (babban makunni mai ɗaukar wutar inji) ne, ba injin kansa ba, kuma makunnin fulot na cikin tanki, mai tashi da hawan ruwa, ya shiga layi ɗaya da nadin kontaktar. Tanki na cika wuta ta yanke, ko me allon yake tunani.

Asabar, 6 Disamba 2025

Tunatarwar wata guda. `setTimeout`, mai jinkirta aiki zuwa wani lokaci, a Node.js ba ya karɓar jinkirin da ya wuce milisakan 2,147,483,647, wato kwana 24 da awa 20 da minti 31. Kwana 30 kuwa milisakan 2,592,000,000 ne. Idan aka wuce iyaka Node yana mayar da jinkirin milisakan 1, ya rubuta gargaɗin `TimeoutOverflowWarning` inda ba mai dubawa. An cire duk dogon `setTimeout`. Yanzu ranar da ake jira tana ajiye a rumbun bayanai, ana duba ta sau ɗaya a minti, wanda kuma ya sa ɗauke wuta ba ya shafe ta.

An kuma bi duk inda aka ninka lambobi. `30 * 24 * 3600 * 1000` ya fi ƙarfin `int` na ESP32. A tsofaffin allunan Arduino Uno da ke wasu gidajen `int` bit 16 ce, ko `60 * 1000` ma ba ya shiga. An sa `UL` ko `ULL` a kan lambar farko ta kowane ninki.

Talata, 9 Disamba 2025

Fitilun tsakar rana. ESP32 ba shi da agogon da ke rayuwa bayan yankewar wuta. Yana tashi yana ganin 1 ga Janairu 1970 ne, ƙarfe 12 na dare a agogon UTC na bai-ɗaya na duniya, wato ƙarfe 1 na dare a Najeriya da Nijar. Jadawali ya duba ya ga dare ne, ya kunna fitila. Allon yana tashi cikin sakan ɗaya ko biyu, rauta kuwa tana ɗaukar minti ɗaya ko fiye kafin ta kama intanet, idan data ta ƙare ma ba za ta kama ba sam. A wannan tazarar ce ake yin ɓarna. Raspberry Pi 4 ita ma ba ta da agogo mai batiri. Tana tashi ne da lokacin ƙarshe da ta ajiye, wanda ya fi 1970 haɗari domin ya yi kama da gaskiya.

An ba agogon bango matsayi uku. "Ba a sani ba" shi ne matsayin tashi. "An ƙiyasta" idan lokacin ya fito daga agogo mai batiri. "An tabbatar" idan NTP, hanyar karɓar lokaci ta intanet, ta amsa. A matsayi na farko ba jadawalin da ke aiki: injin ruwa da hita suna kashe, fitilun tsaro suna komawa yadda suke kafin yankewar wuta, makunnin hannu kuma yana aiki kamar kullum. Duk lokacin da ya gaza ranar da aka haɗa manhajar ana watsi da shi, ko daga ina ya zo. Allon yana kuma ajiye lokaci a NVS, ma'ajiyarsa da ɗauke wuta ba ya gogewa, sau ɗaya a awa, rubutu 8,760 a shekara, wanda ba zai gajiyar da ma'ajiyar ba, domin idan ya tashi ya san mafi ƙarancin abin da lokaci zai iya zama.

Asabar, 13 Disamba 2025

An ƙara agogo mai batiri, DS3231, a allunan injin ruwa da na fitilun waje. Yana kan I2C a adireshi 0x68, SDA a GPIO21, SCL a GPIO22. Kuskurensa bai wuce kashi 2 cikin miliyan ba tsakanin digiri 0 zuwa 40, kimanin minti ɗaya a shekara. Ya fi takwaransa DS1307 nesa, domin yana auna zafi yana gyara kansa, abin da ke da amfani ga akwatin da ke jikin katanga a watan Afrilu.

Abu uku ne ke tuntuɓe da mutane a kansa. Idan batirin ya mutu kuma aka ɗauke wuta, agogon yana komawa 1 ga Janairu 2000 ya ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru. Alamar da ke tona shi ita ce bit na 7 a rajista 0x0F, wanda ake kira OSF. Idan yana 1, agogon ya taɓa tsayawa, kada a yarda da shi. A RTClib `lostPower()` ne ke karanta shi. Ba a goge alamar sai bayan an rubuta lokaci daga NTP.

Na biyu batiri ne. Ƙananan allunan DS3231 masu araha da suka cika kasuwa, masu rubutun ZS-042, suna da layin caji na resista mai om 200 da dayod ɗaya, an yi shi ne don batirin LIR2032 mai caji. Mutane kuwa CR2032 suke sakawa, wanda ba a cajinsa. Idan allon na kan bolt 5 batirin yana kumbura ya lalace. A cire resistar mai lamba 201 ko dayod ɗin da ƙarfen soda kafin a saka batiri, kuma a ba allon bolt 3.3.

Na uku, UTC kaɗai ake rubutawa a cikinsa, ba lokacin gari ba. Gurbin ranar mako da ke cikinsa ba a amfani da shi, domin lamba ce daga 1 zuwa 7 da ba ta san Lahadi daga Litinin ba sai abin da aka gaya mata.

Laraba, 17 Disamba 2025

Wannan ne gyara mafi girma zuwa yanzu, ya taɓa zuciyar jadawalin.

Tsohon salo yana tambaya ne ko awa 18 ce kuma minti 30 ne. Muddin agogo na tafiya sumul ba laifi. Amma NTP tana tsallakar da agogo. Idan allon yana baya da sakan 90 aka gyara shi daga 18:29:40 zuwa 18:31:10, minti na 30 bai taɓa zuwa ba, fitila ba ta kama ba har gari ya waye. Idan kuma yana gaba aka ja shi baya, 18:30 ta zo sau biyu, injin ruwa ya yi zagaye biyu. Haka nan idan ba wuta a 18:30 aka dawo da ita 19:00.

An raba ayyuka gida biyu. Akwai na yanayi, kamar fitila: ba a jiran wani minti, kowane sakan goma ana tambaya "a wannan lokacin, kunne ya kamata ta kasance ko kashe?" sai a daidaita rile da amsar. Tsallen agogo da ɗauke wuta ba sa yi wa irin wannan komai. Akwai kuma na sau ɗaya, kamar tura ruwa na minti 20 ko ban ruwan shuka. Ga waɗannan ana riƙe lokacin da aka duba na ƙarshe, a kunna duk aikin da lokacinsa ya faɗo tsakanin wancan da yanzu, a kuma rubuta a NVS cewa aikin wannan ranar ya gudana. Rubutun yana zuwa ne kafin a ja rile, ba bayansa ba, domin idan wuta ta yanke a tsakani gara a rasa zagaye ɗaya da a maimaita. Kowane aiki yana da wa'adin makara: injin ruwa awa uku, ban ruwa awa ɗaya, ƙararrawa minti biyu. Idan an wuce wa'adi a bar shi sai gobe. Ba wanda ke son injin ƙarfe 6 na safe ya tashi ƙarfe 2 na dare don kawai sannan aka kawo wuta.

An kuma sa SNTP, mai karɓo wa allon lokacin NTP, a salon `SNTP_SYNC_MODE_SMOOTH`, wanda ke jan agogo a hankali maimakon tsalle. Idan bambancin ya wuce minti 35 har yanzu tsallen yake yi, don haka wannan ƙari ne a kan gyaran sama, bai maye gurbinsa ba.

Tazarar da ta ratsa tsakar dare ta fito a nan ma. "Daga 18:30 zuwa 06:15" ba ta taɓa cika sharaɗin `yanzu >= fara && yanzu < gama` ba. Idan `fara` ta fi `gama` girma, "ko" ake sawa a madadin "da". Ranar mako kuwa ta ranar farawa ce: fitilar daren Juma'a da ta kama 18:30 tana nan kunne ƙarfe 3 na asubahin Asabar ko da ba a zaɓi Asabar ba.

Litinin, 29 Disamba 2025

Rahoton wutar da aka sha yau ya fito da kwanan wata 2026-12-29. Dalilin `%G` ne a inda ya kamata a sa `%Y`. `%G` shekarar makon ISO ce, tsarin da mako ke fara Litinin kuma makon farko shi ne mai Alhamis ta farko a shekara, kuma tun da 1 ga Janairu 2026 Alhamis ce, mako na farko na 2026 yau ya fara. A manhajar waya irin wannan ne `YYYY` da `yyyy`. An gyara, an kuma sa gwaji a kan 30 Disamba 2024 da 1 Janairu 2027, wadda ke cikin mako na 53 na 2026.

Da aka shiga wannan sashen aka ga lambar rahoto ana haɗa ta da shekara, wata, rana, awa da minti a jere a zuba cikin `int32`. Irin wannan ne ya tsayar da saƙonni a sabobin Microsoft Exchange ranar 1 ga Janairu 2022, lokacin da 2201010001 ta wuce 2,147,483,647. An mayar da ita rubutu.

Laraba, 14 Janairu 2026

Yankin lokaci. A salon rubuta yankin lokaci na POSIX da ESP32 ke karɓa, alamar a juye take: Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi `WAT-1` ne, Ghana `GMT0`. Wanda ya rubuta `WAT+1` agogonsa zai zauna baya da awa biyu. An cire gurbin rubutawa da hannu daga shafin saiti, yanzu ana zaɓar gari ne daga jeri, Pi ta aika wa alluna rubutun da ya dace.

A ɓangaren Node an sami `toISOString().slice(0,10)` ana amfani da shi a matsayin "yau". Wannan ranar UTC ce. Tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 1 na dare a Kano ko Zinder jiya yake bayarwa, sai aikin da aka sa a 00:30 ya ga kamar ya riga ya gudana. Haka kuma `new Date("2026-01-14")` tsakar daren UTC ne, amma idan aka ƙara masa awa ba tare da alamar yanki ba sai ya zama lokacin gari. An tattara duk lissafin rana a aiki guda da ke karɓar sunan yanki a fili, irin `Africa/Lagos`.

Ranakun mako ma an daidaita su. `tm_wday` da `getDay()` suna fara Lahadi da 0, `weekday()` na Python yana fara Litinin da 0, ISO kuwa Litinin 1 ce, Lahadi 7. A saƙonnin MQTT yanzu lambar ISO kaɗai ke yawo, kowane ɓangare ya juya ta a bakin ƙofarsa.

Talata, 20 Janairu 2026

Fitilun da ke bin faɗuwar rana. A Kano faɗuwar rana tana motsi da kusan awa guda a shekara, daga dab da ƙarfe 6 a Nuwamba zuwa dab da ƙarfe 7 a Yuli, don haka lokaci tsayayye ba ya yi. Lissafin yana amfani da kusurwar rana ta digiri 90.833 daga tsakiyar sama. Matsalar da aka samu ta alamar gabas da yamma ce: wasu tsofaffin lissafai suna ɗaukar yamma a matsayin ƙari. Kano tana wajen digiri 8.5 gabas. Idan alamar ta juye an kauce da digiri 17, kowane digiri minti 4, fitila ta makara da minti 68. Gwajin da aka sa mai sauƙi ne: tsakiyar rana da lissafi ya bayar dole ta faɗo tsakanin 11:00 da 13:30 a agogon gari, in ba haka ba a ƙi karɓar saitin. An ƙara gurbin gabatarwa ko jinkirtawa har minti 60, saboda a hazon hunturu duhu yana rigan lissafi.

Asabar, 31 Janairu 2026

Ranar da ta dace a gwada "bayan wata ɗaya". Idan aka ƙara 1 a `tm_mon` yau aka ba `mktime()`, 31 ga Fabrairu za ta zama 3 ga Maris, daga nan kuma tunatarwar ta maƙale a 3 ga wata har abada. `setMonth()` na JavaScript haka yake yi. Yanzu ana ajiye ranar da mai gida ya zaɓa daban, kowane wata a ɗauki ƙarama tsakaninta da ranar ƙarshen watan: 31 Janairu, 28 Fabrairu, 31 Maris, 30 Afrilu. Aikin shekara-shekara da aka sa a 29 ga Fabrairu zai gudana 28 a shekarun da ba su da ita.

Lissafin shekara mai kwana 366 an rubuta shi cikakke: wadda 4 ke rabawa, ban da wadda 100 ke rabawa, sai in 400 ta raba ta. An kuma duba duk jerin da aka yi wa gurbi 365, domin `tm_yday` tana kai 365 ranar 31 ga Disamba ta irin wannan shekarar, gurbi na 366 ke nan.

Talata, 10 Fabrairu 2026

Azumi ya gabato, an nemi jadawalin sahur: fitilar kicin da hita su kama awa ɗaya kafin alfijir. Lissafin alfijir ba wuya, sai dai kusurwar da ake ɗauka rana tana ƙasa da bakin sama ta bambanta, wasu digiri 18, wasu 19.5, tazarar da ke kai minti shida ko bakwai a yankinmu. An bar zaɓin a saiti, an kuma rubuta a fili a shafin cewa fitilar ba ta nuna ƙarshen sahur, a bi kiran salla na unguwa.

Ranar farawa ce ba za a bar wa lissafi ba. `Intl` na JavaScript yana da kalandar `islamic-civil` da `islamic-umalqura`, kuma dukansu na iya saɓa wa ganin wata da kwana ɗaya ko biyu. A Najeriya sanarwar Sarkin Musulmi ake jira, Nijar ma tana da tata sanarwar, wani lokaci ba rana ɗaya suke ɗauka ba. Shawarar da aka tsaya a kai ita ce manhajar ta aika tambaya a waya da magaribar 29 ga Sha'aban bisa lissafinta, mai gida ya danna da kansa, haka ma a ƙarshen wata. Kwanan watan Hijira da ake nunawa a fuskar manhaja ya sami gurbin gyara daga ragin kwana 2 zuwa ƙarin kwana 2, kuma yana juyawa ne da faɗuwar rana, ba da tsakar dare ba.

Litinin, 2 Maris 2026

Najeriya, Nijar da Ghana ba sa sauya agogo da rani, amma akwai masu amfani da manhajar a Ingila da Amurka. Amurka za ta tura agogo gaba ranar Lahadi 8 ga wannan watan, Ingila ranar 29. A Landan ƙarfe 1 na dare zai zama ƙarfe 2, wato 01:30 babu ita a ranar. Ranar 25 ga Oktoba kuma 01:30 za ta zo sau biyu. Rubutun yankin Ingila shi ne `GMT0BST,M3.5.0/1,M10.5.0`.

Gyaran 17 ga Disamba ya riga ya ɗauke rabin nauyin: alamar "ya gudana yau" ta hana maimaici a Oktoba, duba tazara kuma ya sa aikin 01:30 da babu zai gudana ƙarfe 2. Abin da ya rage shi ne lissafin "gobe" da ake yi ta ƙara sakan 86,400. Ranar sauyi awa 23 ce ko 25. Yanzu ana ƙara 1 a `tm_mday`, a sa awa da minti, a sa `tm_isdst = -1`, sannan a kira `mktime()`.

Dokokin kansu suna canzawa. Sudan ta koma daga UTC+3 zuwa UTC+2 ranar 1 ga Nuwamba 2017, Masar ta dawo da sauyin agogon rani a 2023, Maroko kuma tana ja da agogonta baya da awa ɗaya a watan azumi, abin da rubutun POSIX guda ba zai iya ɗauka ba. Don haka allunan ba sa riƙe doka ta dindindin. Pi ce ke sabunta `tzdata`, rumbun dokokin yankunan lokaci, tana aika wa kowane allo tazarar yanzu daga UTC, da lokacin sauyi na gaba, da tazarar da za ta biyo bayansa.

Alhamis, 12 Maris 2026

Jadawalin ya daina karanta agogo da kansa, ana miƙa masa lokaci ne daga waje. Hakan ya ba da damar gudanar da shi a kwamfuta minti bayan minti daga 2024 zuwa 2040 a yankuna huɗu, Legas, Akra, Landan da Niyok, ana jefa masa yankewar wuta da tsallen agogo a tsakani, ana ƙirga sau nawa kowane aiki ya gudana a rana. Ɓangaren Node ana gwada shi da libfaketime. Komai ya wuce lafiya, har da Talata 29 ga Fabrairu 2028, sai da aka kai 2036.

Lokacin NTP yana ƙirga sakan daga 1900 a bit 32, zai cika ranar 7 ga Fabrairu 2036 da 06:28:16 UTC. Ana cire masa 2,208,988,800 a sami lokacin Unix, mai ƙirga sakan daga 1970. Idan ragin a `uint32_t` aka yi, zagayowar tana gyara kanta, amsar ta fito daidai. Ƙaramin aikin da ke karɓar lokaci daga Pi idan ba intanet kuwa a bit 64 yake yin ragin, sai amsar ta koma 1900. An bi shawarar takardar ƙa'idar SNTP, RFC 4330: idan babban bit na lambar 0 ne, a ɗauka an shiga zagaye na biyu, a ƙara 4,294,967,296 kafin ragi.

Gyaran 19 ga Janairu 2038 da 03:14:07 UTC, ranar da lokacin Unix zai cika `int32`, bai kammala ba. ESP-IDF, kayan rubuta manhajar ESP32, tun siga ta 5.0 `time_t` ɗinta, gurbin riƙe lokaci, bit 64 ce, amma an sami wurare uku da ke matse ta: `nvs_set_i32` wajen ajiye lokacin ƙarshe, `%ld` wajen haɗa saƙon MQTT, da gurbin `int32_t` a tsarin jadawalin da ake aika wa alluna. Biyun farko an gyara su yau, sun koma `nvs_set_i64` da `%lld`. Na ukun yana canza girman saƙo, tsohon allo ba zai gane sabon ba. Za a ƙara lambar siga a farkon saƙon, Pi ta riƙa aika iri biyu har sai duk allunan sun karɓi sabuwar manhaja, sannan a cire tsohon. Allunan Uno ba sa karɓar sabuntawa ta iska, sai an bi su gida-gida da kebul, kuma ana tattara jerinsu a wannan makon.